Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar CORBON da Reshen Ƙungiyar Magina ta NIOB na Jihar Bauchi



Tun 1989 da aka kafa majalisar CORBON, doka ta ɗora muku alhakin tantance wanda ya cancanci a kira shi ƙwararren magini a Nijeriya. Kun kuma shar'anta wa mai rajista ya riƙa sabunta lasisinsa tare da halartar bitar ƙarin ilimi ta wajibi. Wannan daidai ne, haka ake yi a ƙasashe da dama. A jihar Florida ta Amurka, ɗan kwangilar gini ba ya sabunta lasisi sai ya yi karatun awa 14 duk shekara biyu. A Birtaniya kuwa, katin CSCS na gwanin ma'aikaci yakan ƙare bayan shekara biyar, sai ya sake cin jarrabawar kiyaye haɗari. Roƙona shi ne ku sauya ma'aunin wannan bita, ku auna ta da ilimin da ya isa wurin gini, ya shiga hannun masu aikin.

Ku duba yadda ake gini a garin Bauchi. Ɗakunan hayar ɗalibai na ta tashi a Gwallameji da Yelwa, sababbin unguwanni na ta cin gonaki a bakin gari, amma mafi yawan waɗannan gine-gine ba su taɓa ganin ƙafar mai lasisi ba. Mai fili ne ke kiran birkila, birkila ya taho da leburorinsa, a sayo bulo a bakin titi. Ko inda aka ɗauki ƙwararre, ba shi ke kwaɓa siminti ba, ba shi ke ɗaure rodi ba. Abin da ke kayar da bene kuwa sananne ne: buhu ɗaya a buga masa bulo fiye da kima, a cika wa kwaɓi ruwa don ya yi saurin zubuwa, a rage kaurin rodi saboda tsada, a cire katakon da ke tallafe da dakin tun bai ƙosa ba. Kankare na son a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi, wanda aka bari ba ruwa tun yana ɗanye yake tsagewa. Duk wanda ya fito daga sashen gini na jami'ar ATBU ya san wannan. Birkilan da zai yanke hukunci da rana tsaka, oga ba ya nan, shi ne bai sani ba, ko ya sani bai san dalili ba. Makarantar Saints Academy da ta rufta a Jos ranar 12 ga Yuli 2024, ta kashe mutum 22, ba ta da nisa da mu.

Saboda haka a ware wani kaso na makin sabunta lasisi da ba za a samu ba sai mai lasisin ya koyar da birkiloli da kafintoci da masu buga bulo, da Hausa, a kan gini na zahiri. Hanyar ma a shimfiɗe take: tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ da hukumar NBTE ke kula da shi ya riga ya ba ku gurbi a fannin gini, ga kuma wuraren gwaji a ATBU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Abubakar Tatari Ali. Amma in magini ya biya kuɗin mota da masauki zuwa Abuja don bita, ya zauna a zaure kwana biyu ya dawo da takarda, ya ƙaru shi kaɗai, in ma ya ƙaru.

Za a ce ƙwararre ba malamin makaranta ba ne, kuma nauyi ne a kan wanda kasuwa ta riga ta matse. To, ai doka ta sa shi kula da aikin waɗannan mutane. Wanda ya kasa bayyana wa birkila dalilin tazarar rodi, da wuya a ce ya iya kula da shi. Kuma horo a cikin gari ya fi tafiya araha. Za a kuma ce tsohon birkila mai shekara talatin a sana'a ba zai saurari yaro mai digiri ba. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa ya kamata a bi ta ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, a kuma yarda cewa su ma suna da abin koyarwa game da ƙasar kowace unguwa da hanyar ruwanta.

Suka mafi nauyi ita ce ta maguɗi, wato a rubuta sunayen mutanen da ba su zo ba a karɓi maki. Zai faru, babu ko shakka. Amma takardar halartar taro ta fi wannan sauƙin saye, alhali birkilan da aka ce an horar ana iya kiransa a ce ya kwaɓa a gani. Reshen NIOB na jiha ya ɗauki wannan bincike, yana zaɓen wasu ba tare da sanarwa ba.

Sauran aiki yana hannun Hukumar Raya Birane ta Jihar Bauchi. Ku nemi zama da ita a kan kada ta amince da zanen kowane bene sai da sunan magini mai lasisin wannan shekara, kuma a kafa allo a wurin ginin ɗauke da lambar rajistarsa, yadda maƙwabci zai iya karantawa.

Wassalam,
daga wani mazaunin Bauchi.