Alƙalami ya riga kumbo isa rana

Duk mai jin ɗumin wuta da hunturu ya san ƙa'ida: in ka ja baya, zafi ya ragu. Rana ta ƙi bin wannan ƙa'ida. Zafin fuskarta kusan digiri 5,500 ne, amma farin rawanin da ke kewaye da ita, wanda masana ke kira korona, ya haura digiri miliyan ɗaya. Shi mutanen Gusau da Katsina da Maraɗi suka gani lokacin husufin 29 ga Maris 2006.

Tun farkon shekarun 1940, da Bengt Edlén na Suwidin ya tabbatar da wannan zafi, ake neman dalilinsa. Wasu sun bi Hannes Alfvén: kaɗawar maganaɗisu ce ke ɗauko ƙarfi daga ƙasa ta sauke a sama. Wasu sun bi Eugene Parker, wanda a 1988 ya ce layukan maganaɗisu ne ke murɗewa su tsinke su sake haɗuwa, kowace tsinkewa da 'yar fashewarta. Kuma lissafin ba ya cika sai an sa hucewa a ciki. Korona na zubar da zafi ta haske, wani ya zirare ƙasa ta layukan nan. Inda ɗumamar ta gaza, iskar korona ta huce, ta dunƙule, ta zubo.

Akwai masu ganin wannan duk aikin zaune ne, gwamma a harba kumbo ya auno. Ban yarda ba. A 1958 Parker ya lissafo cewa korona mai zafi haka dole ta riƙa kwarara waje. Masu tantance maƙalarsa suka ƙi ta, edita Chandrasekhar ya buga. A 1962 kumbon Mariner 2 ya tarar da iskar tana kwarara. Kumbon da NASA ta sa wa sunan Parker, wanda ya kusanci rana da tazarar kilomita miliyan 6.1 a Disambar 2024, tambayoyin masu lissafi ya tafi amsawa.

Abin bai tsaya a sama ba. A Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lantarkin Kwibek a Kanada tsawon awa 9. Hango irinta kafin ta iso aikin masu lissafi ne.

Jami'o'inmu ba su da kuɗin kumbo, amma bayanan da kumbon Parker yake aikowa kyauta suke a intanet. Abin da malamin fiziks ke nema allo ne da kwamfuta da wuta da albashi kan kari. Wannan bai fi ƙarfin gwamnati ba.