Maɓallan Martani da Matsalar Auna Zuciyar Bahaushe

Tun da kamfanin Facebook ya fito da maɓallin babban yatsa a 2009, aka ɗora wa alama guda aikin da baki da fuska da sautin murya ke tarayya a kansa. A watan Fabrairun 2016 aka ƙara wasu biyar: ƙauna, dariya, mamaki, baƙin ciki da fushi, ta rungumar zuciya kuwa sai a 2020, lokacin annobar korona. Manhajar WhatsApp ta bi sahu a 2022. A yau wasu masu nazari kan ƙirga waɗannan alamomi su kafa hujja da adadinsu a kan ra'ayin jama'a. Wannan hanya tana da rauni, kuma rauninta ya fi bayyana idan aka gwada ta da al'adar Hausawa.

Sanarwar rasuwa ta isa misali. Mutum ya wallafa cewa mahaifinsa ya rasu, sai ɗaruruwan babban yatsa su taru a ƙarƙashin rubutun. Babu wanda ya yi murna a cikinsu. Abin da mai latsawa yake nufi shi ne labari ya iso gare shi kuma ya halarta, kamar wanda ya zo zaman makoki ya sami gefen tabarma ya zauna. Fuskar hawaye ma ba ta cike gurbin ba, domin ta'aziyyar Bahaushe addu'a ce da ba da haƙuri, ba nuna kuka ba. Shi ya sa akasarin mutane kan latsa alamar, su kuma sauka ƙasa su rubuta "Allah ya jiƙansa" da hannunsu. Hatta alamar tafuka biyu a haɗe da WhatsApp ya sa cikin shida na farko ba siffar roƙon Musulmi ba ce, wanda ke buɗe tafukansa sama. An dai karɓe ta a kan rashin uwa.

Alamar dariya ta fi kowacce ruɗi. Hausa ta bambanta raha da ba'a, ta bambanta dariyar ƙeta da wasan taubasai ko barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Duk waɗannan fuska ɗaya suke sawa a allon waya. Idan Bakano ya latsa dariya a kan kukan da Bazazzagi ya yi da garinsu, sai wanda ya san dangantakar garuruwan biyu ne zai gane zumunci ne ba cin fuska ba. Haka alamar zuciya: matar aure kan kauce mata a rubutun namijin da ba muharraminta ba, ko da rubutun ya burge ta. Kunya, wadda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a 1974, ba ta da maɓalli, alhali ita ke yanke wanda za a latsa da wanda za a bari.

Akwai kuma abin da ba a gani daga waje. Takardun da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 Facebook ya ba kowace alamar motsin rai, har da fushi, nauyin babban yatsa biyar wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane, kafin daga baya ya sauke nauyin fushi zuwa sifiri. Ke nan yawan fushin da mai bincike ya ƙirga a wancan lokaci, wani ɓangarensa na'ura ce ta kiwata shi.

Za a iya cewa adadi ya fi hasashe, kuma alamomin sun ba marasa ƙarfin rubutun boko damar sa baki. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai adadin yana buƙatar tafinta. Masu aikin NaijaSenti na 2022 sun sa masu jin harshen ne suka tantance saƙonnin Twitter na Hausa ɗaya bayan ɗaya, kuma ko su rukunai kaɗan suka iya rarraba saƙonnin a ciki. Sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da abin da ake buƙata a nan: ilimin habaici, zambo, gatse da gaisuwa. Da shi ya kamata a karanta kowace alama tare da rubutun da ta faɗa a kai, da matsayin mai latsawa a wurin mai rubutun, ɗa ne, suruki ne, ko abokin wasa.