Hatimin saƙon imel: abin da yake tabbatarwa da abin da ba ya iya tabbatarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun watan Fabrairu na 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika imel da yawa (a wajen Google, saƙo 5,000 a rana) su riƙa buga wa saƙonninsu hatimin da ake kira DKIM. Ya 'yan uwa, abin ba baƙo ba ne gare mu. Ya tabbata cewa da Manzon Allah (SAW) zai rubuta wa sarakuna, aka ce masa ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya yi zoben azurfa don haka.

Ga yadda na zamani yake aiki. Ma'aikatar da ke aika saƙo tana da mabuɗi biyu na lissafi. Ɗaya a ɓoye yake, da shi na'urarta ke buga hatimi. Ɗayan tana ajiye shi a bainar jama'a, cikin rajistar sunanta ta intanet, wato DNS. Na'urar mai karɓa sai ta ɗauko na bainar ta gwada. In an sauya ko harafi ɗaya cikin abin da aka hatimce, gwajin ba zai yi daidai ba.

A 2016, da WikiLeaks ta fallasa saƙonnin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, wasu da abin ya shafa sun nuna kamar an yi wa saƙonnin ƙari. Masana suka gwada hatimin wasu daga ciki, ya fito sahihi. Halaccin sace sirrin mutum a yaɗa kuwa, wannan mas'ala ce ta daban.

Amma a kula. Hatimin yana shaida cewa saƙon daga gidan nan ya fito, ba a taɓa shi a hanya ba. Ba ya shaida cewa mai gidan adali ne. Malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da saduwar isnadi ba, sai sun binciki halin kowane mai ruwaya. Ɗan damfara yana iya sayen suna mai kama da na bankinka, bambancin harafi ɗaya tak, ya buga nasa hatimin, gwaji ya wuce lafiya lau. Saboda haka ma'ajin masallaci ko na ƙungiya, in saƙo ya zo cewa an sauya lambar asusu, ya karanta sunan da ke bayan alamar @ harafi-harafi, sannan ya kira mai saƙon ta lambar da ya riga ya sani kafin ya tura dala ɗaya.

Wallahu a'alam.