Mota da Hanya: In Ta Mutu Tana Cikin Gudu, Kada Ka Yi Saurin Sayen Batir

Yau za mu taɓo matsalar da duk mai yawan bin hanya ya san ɗacinta. Kana cikin tafiya lafiya lau, tsakanin Malanbil da Paraku, ko ka baro Tamale ka nufi Kumasi, sai mota ta yi tsit, ka murɗa makulli ta ƙi tashi. Ga kaya a baya, wataƙila ga uwargida da yara, ga rana tana shirin faɗuwa, kuma ba ƙasarku ba ce.

Abin da yawancinmu ke fara cewa shi ne, "Ai batir ne." Wani mai gyaran bakin hanya ma, in ya ga baƙo, ba zai musa maka ba, don sayar maka da batir ya fi masa sauƙi da riba. To amma a sani, babban aikin batir shi ne tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ba mota wuta, ita ce kuma ke mayar wa batir abin da ya kashe. Saboda haka motar da ta mutu tana cikin gudu, da wuya a ce batir ne tushen ciwon. In ka sa sabo alhali altaneta ba ta caji, zai ɗan kai ka gaba ne kawai, shi ma ya ƙare, asara ta zama biyu.

Kafin komai dai a tsira da rai. In inji ya mutu, sitiyari da birki suna yin tauri, amma suna aiki, sai dai ka ƙara ƙarfi. Kada ka zare makulli mota tana tafiya, sitiyari na iya kullewa. Gangara gefen titi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya, iyali su fito su tsaya nesa da kwalta.

Sannan ka tuna abin da ya faru kafin ta mutu. Jar fitilar nan mai hoton batir ta kama a dashbod? Fitilun gaba sun yi ta dushewa, rediyo yana yankewa? To altaneta ce, ko bel ɗin da ke juya ta. Ɗaga bonet ka duba. In bel ya tsinke, kada ka ci gaba da tafiya ko da an tayar maka da motar, domin a motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa, sai inji ya yi zafi ya ƙone.

Yanzu murɗa makulli ka kasa kunne. Ɗaya daga cikin abubuwa uku za ka ji.

Na farko, shiru ƙus, ko fitilar dashbod ba ta kama ba. Nan kan batir za ka fara dubawa. Ramukan hanya da girgiza suna kwance shi, wani lokaci kuma farin gari ko kore ne ya taru a kai ya hana wuta wucewa. Kama kowane kai ka girgiza da hannu, in ya motsa ka ga ɓarawonka. Da sifana lamba 10 ake kwance yawancinsu. Fara cire mai alamar ragi (−), ka goge su biyun da samfefa, sannan wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Bi baƙar wayar nan da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, ita ma in ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa haka take yi.

Na biyu, ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu suna dushewa. Batir ya yi sanyi ke nan, amma tambayar ita ce me ya shanye shi. In kuwa ƙas ɗaya ka ji, fitilu kuma suna nan da haskensu, to zargi ya koma kan kik. Masu mota otomatik, a tabbata giya tana kan P, in ta ƙi a gwada N.

Na uku, inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Wannan ya wanke batir da kik gaba ɗaya, kada wani ya sayar maka da ko ɗaya. A motar fetur, ko mai ne ba ya zuwa, ko filogi ba sa samun wuta. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, wani ya tsaya kusa da tanki. A yawancin motoci zai ji famfon mai ya yi zuuu na daƙiƙa biyu ko uku. In bai ji ba, buɗe akwatin fiyus. A bayan murfin akwai zanen da ke nuna na kowane abu. Zaro na famfon mai ka ɗaga shi a haske, in siririyar wayar ciki ta tsinke, ya ƙone. Launi ne ke nuna ƙarfinsu: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Mayar da irinsa sak. In fiyus lafiya yake, duba rile na famfon. Sau da yawa iri ɗaya ne da na hon, sai ka musanya su ka gwada.

Akwai kuma motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta huta kamar rabin awa ta tashi kamar ba ita ba. Wannan halin sensan karanshaf ne ko kwayil da ya fara gajiya. In ta tashi, kada ka ce ta warke. Lallaɓa ta zuwa gari mafi kusa a sa mata kwamfuta. Kuma kada ka yi ta murza makulli fiye da daƙiƙa goma a jere, ka riƙa bari kik ya huce.

In sai an ba ka wuta daga wata mota, jar waya daga tarawa (+) zuwa tarawa, baƙa kuma daga ragin mai ba ka zuwa wani ƙarfe a jikin injinka. A yi hattara da tirela: yawancinsu wutarsu 24 ce, taka 12, za ta ƙona maka kayan wuta. Turi kuwa na mai kuloci ne, a giya ta biyu. Otomatik ba a tura ta don ta tashi.

Abu biyu ne kada ka yarda a yi maka, ko wane ne mai gyaran. Kada a cire kan batir inji yana aiki da sunan gwada altaneta. Dabarar tsoffin motoci ce, a na yanzu tana iya kashe kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Mita ake sawa: mota a kashe batir mai lafiya zai nuna wajen 12.6, inji yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In inji yana aiki ta nuna 12 da 'yan kai, altaneta ba ta caji. Na biyu, kada a maye gurbin fiyus da waya ko takardar kwalin sigari. In sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma daga nan gobarar mota ke farawa.

Sai maganar harshe, tunda mu masu tsallaka iyaka ne. Abin da ake kira kik a Kano, a Maraɗi da Kwatano da Garwa demarer ne. Filogi buji ne, fiyus kuma fizibil. A Gana bakanike fita ake ce masa. Wanda kake nema dai mai gyaran wutar mota ne, wanda mutanen Najeriya ke ce wa rewaya. In ka faɗa masa, "Tana juyawa, famfo ba ya kuka, fiyus lafiya," ya san ba makaho ya samu ba, ciniki ma zai sauya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ɗauki hanya, sa sifana lamba 10, da fiyus kala-kala, da wayar ba da wuta, da bel guda, da tocila, da 'yar ƙaramar mita a cikin mota. In uwargida ko babban yaro na tuƙi, a nuna musu inda akwatin fiyus yake tun a gida.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.