Ba Kowane Ganye Ake Tafasawa Ba



Mu dai da an ce magani, sai a ɗora tukunya. To ku saurara. A ƙasar Sin an yi ta dafa wani nau'in tazargade don zazzaɓin cizon sauro, aikinsa bai fito sosai ba. A 1971 wata mai bincike, Tu Youyou, ta tace ganyen ba tare da zafi mai yawa ba, sai ya yi aiki. Ashe wuta ke lalata sinadarin! Daga shi aka samo irin su Coartem.

Shi ya sa nake cewa masu ɗakin gwaji ba kishiyoyinmu ba ne. Su ke gano sinadari da ma'auninsa. In yaro na zazzaɓi, a kai shi gwajin jini, kar a tsaya jiƙo.

Allah Ya ƙara lafiya. A tura wa wasu.