Kusurwar Kwamfuta: Yadda za ku tsayar da doki a iska da layi ɗaya

Ga tambayar wannan mako: idan doki na sukuwa, akwai lokacin da kofatansa huɗu duka ke barin ƙasa? Ido ba ya iya tantancewa, don abin ya fi ƙiftawarsa sauri. A 1878, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa a Kalifoniya ta Amurka, kowace ta ɗauki dokin yayin da ya gifta ta. Da aka jera hotunan sai aka ga lallai akwai lokacin da dokin yake sama ɗungurungum.

Abin da ya yi da kyamarori 12, ɗalibi a Sakkwato zai iya yin sa yau da waya guda. Dalili kuwa, bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri. Fim ɗin silima na nuna 24 a daƙiƙa ɗaya, yawancin wayoyi kuma 30 suke ɗauka. Ke nan idan ka ɗauki mahaya dawaki ranar sallah a kusa da fadar Sarkin Musulmi na daƙiƙa 10, kana riƙe da hotuna 300. Sai dai yaya za ka fito da su ɗaya bayan ɗaya?

A nan ne layin umarni yake shigowa. Wannan shi ne baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so, maimakon danna maɓallai. Manhajar da ta shahara a wannan aiki ita ce FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, kuma kyauta ce. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya sa Termux a wayar Android, ya rubuta pkg install ffmpeg, sannan termux-setup-storage don manhajar ta ga abin da ke cikin wayar. Bayan ka shiga jakar da bidiyon yake, sai ka rubuta:

ffmpeg -i doki.mp4 hoto_%04d.jpg

Alamar -i na nufin ga abin da za ki ɗauko. Shi kuma %04d yana cewa a ba kowane hoto lamba mai gurbi huɗu: hoto_0001, hoto_0002, har zuwa ƙarshe. Ka bi su a hankali, za ka sami wanda dokin bai taɓa ƙasa ba.

Kada ku raina sifilin nan. Idan aka tara hotuna da alamar tauraro, kwamfuta tana jera sunaye ne harafi bayan harafi kamar ƙamus, don haka hoto_10 zai riga hoto_2, aikin ya hargitse. Haka kuma idan FFmpeg na bin lambobi ta tarar an goge hoto ɗaya a tsakiya, a nan za ta tsaya, sauran su bi ruwa.

Ana kuma iya juya aikin, a haɗa hotuna su zama bidiyo. Ga gwajin da zai faranta wa malamin labarin ƙasa rai. Ku kafa sanda a filin makaranta, ku ɗaure waya wuri ɗaya, ku riƙa ɗaukar inuwar sandar kowane minti 2 daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Za ku sami hotuna kusan 240. Ku yi wa wayar rumfa, don ranar Sakkwato ba ta wasa.

Hotunan waya suna da nauyi, don haka a fara rage su da ImageMagick, manhajar da John Cristy ya ƙirƙiro a 1987. Ku buɗe sabuwar jaka mai suna kanana, sannan:

magick mogrify -path kanana -resize 1280x *.jpg

Hattara: wanda ya manta -path, manhajar za ta danne hotunansa na asali, kuma ba sa dawowa. Ku ajiye kwafi tukuna. Daga nan ku shiga jakar kanana ku rubuta:

ffmpeg -framerate 24 -pattern_type glob -i "*.jpg" inuwa.mp4

Awa 8 sun koma daƙiƙa 10. Za ku ga inuwar tana gajarcewa zuwa tsakar rana, sannan ta miƙe ta nufi gabas, shaidar juyawar duniya a idonku.

Wani zai ce me ya sa ba za a danna maɓalli kawai ba? Ku tuna lokacin rajistar WAEC ko NECO, yadda ake fama da rage hotunan fasfo na ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Layi guda irin na sama yana gama na aji duka kafin shayi ya huce, kuma gobe shi ɗin dai za a sake amfani da shi. Ɗalibi ko ɗalibar da ta iya wannan ta sami sana'a a hannu tun kafin ta bar makaranta.

Ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauke shi. Wanda ya yi gwajin doki ko na inuwa, ya rubuto mana lambar hoton da ya fi ba shi mamaki. Sai mako mai zuwa.