Kada Ku Ja Lilon Da Nisa

A hutun da ya wuce, wasu ƙannenmu a Gwaram da ke shirin WAEC suka kawo mana ƙara. Sun ɗaura dutse a zare mai tsawon mita 1, sun rataye a reshen darbejiya, sun ƙirga zuwa da dawowa 20 cikin daƙiƙa 43. Da suka lissafa ƙarfin jan ƙasa, wato g, sai ga 8.5 maimakon 9.8. Agogon waya suka ɗora wa laifi. Muka ce su sake a gabanmu. Ashe janye dutsen suke yi fiye da digiri 60, kamar masu tura lilo ranar Sallah!

Ba mu yi musu dariya ba, don mu ma da muke sakandare a Birnin Kudu haddace T = 2π√(L/g) muka yi, muka tsallake sharaɗinsa: wannan lissafi na ƙaramin lilo ne kawai.

Ga dalili. Idan kun ja dutsen kaɗan, tafiyarsa ta ƙaru, ƙarfin da ke mayar da shi tsakiya shi ma ya ƙaru kusan daidai da ita, sai lokacin ya tsaya yadda yake. Idan kuka ja da nisa, tafiyar na ci gaba da ƙaruwa amma ƙarfin ba ya iya kamo ta, sai dutsen ya riƙa makara. A digiri 10 makarar ba ta kai kashi 1 cikin 500 ba, yatsanku a kan agogo ma ya fi haka kuskure. A digiri 30 ta kusa kashi 2 cikin 100, a digiri 60 kashi 7, a digiri 90 kuwa kashi 18. Kuma da yake T sau T ake yi wajen neman g, kuskuren kusan ninkuwa yake yi.

Galileo kansa, masanin nan na Italiya, ya ɗauka nisan lilo ba ya canza lokacinsa. Huygens na ƙasar Holan, wanda ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656, ya gane ba haka ba ne.

Saboda haka ranar gwajin Fiziks, in zarenku mita 1 ne, ku ja shi gefe santimita 15 kacal, ƙasa da taƙi guda, ku sake shi ba tare da turawa ba. Haka ƙannen namu suka yi: daƙiƙa 40, g ya fito 9.9.